Ta yaya zan gane ko bayanin kayan aikina ne ke ɓatar da wakilin AI?

Ɗan Bolari, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina haɗa wa kawuna, wanda ke sana'ar hatsi a nan Gombe, wata ƙaramar manhaja da wakilin ƙirƙirarriyar basira zai riƙa amsa wa masu saye ta cikinta. Na ba wakilin kayan aiki uku: na duba abin da ke sito, na duba farashi, da na rubuta oda, kowanne da bayani na layi guda. Shekaranjiya wani ya tambayi kuɗin wake tiya biyar, sai wakilin ya saka 5 a gurbin adadi, manhajar ta lissafa masa buhu biyar, mutumin kuwa ya kira kawu yana tambayar ko lafiya. Shin akwai hanyar da ake auna ingancin irin wannan bayani tun kafin a yi abin kunya?

Malamin Kwamfuta, Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka fara da sanin cewa wakilin ba ya ganin umarnin kwamfuta (code) da ka rubuta a cikin manhajar. Suna yake gani, da bayani, da jadawalin guraben da zai cike, wanda ake tsarawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace irin abin da kowane gurbi zai karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, tsarin haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024. Matsayin wakilin ɗaya da sabon yaron shago da aka miƙa wa takarda, maigida ya tafi kasuwar ƙauye.

Karanta bayanin da idonka ba zai nuna maka komai ba, domin kai ka riga ka san abin da kake nufi. Ka nemi izinin kawunka ka kwaso saƙonni kamar hamsin da masu saye suka taɓa aiko masa ta WhatsApp, ka cire sunaye da lambobin waya, ka bar su da irin rubutunsu na gaggawa. A gaban kowanne ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata ya shiga guraben. Lallai ka haɗa da waɗanda ba sa buƙatar kiran komai, kamar gaisuwa ko roƙon ragi, da waɗanda daidai shi ne wakilin ya sake tambaya, misali wanda ya ce kawai “a ba ni masara”. Ko jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley yana da sashe na musamman don auna ko wakili ya san lokacin da zai kame hannunsa. Sannan ka ƙirga kuskuren zaɓen kayan aiki daban, na cike gurbi daban, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

'Yar Fadaman Mada, Bauchi:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma a ganina wannan kuskuren bai tsaya ga bayani ba. Gurbin da aka kira “adadi” ba tare da ma'auni ba tarko ne, komai kyan jimlar da ke samansa. Ɗan'uwa, ka ƙara gurbin ma'auni na dole, ka taƙaita shi ga mudu, tiya da buhu, yadda manhajar za ta ƙi karɓar wani abu dabam, kuma saƙon ƙin ya faɗa wa wakilin abin da ya rage, tunda shi ma yana karanta shi.

Gwaji sau ɗaya kuma ba hujja ba ne, saboda wakilin kan ba da amsa daban ga tambaya ɗaya. Gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 yana maimaita aiki guda sau da dama don ganin ko za a dace a kowane karo, kuma yana duba abin da ya shiga ma'ajiyar bayanai a ƙarshe. Kai ma littafin oda za ka duba, domin na sha ganin wakili ya amsa cikin ladabi alhali ya rubuta shirme. Ka riƙa sauya abu ɗaya kafin kowane gwaji, ka kuma ɓoye saƙonni goma da ba za ka kalla ba lokacin gyara, in ba haka ba za ka ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyin da ke hannunka kaɗai. Tsawaita bayanin ma yana da tsada, don ana aika bayanan ne tare da kowace tambaya.

Ɗan Bolari, Gombe:

Na gode, Malam, na gode, Yaya. Na ƙara gurbin ma'aunin, maganar tiya ta gyaru. Sai dai gwajin ya tono wata: duk wanda ya ce “akwai gero?” wakilin kan kira farashi maimakon sito, ashe bayanan biyu duka da “duba hatsi” na fara su. Yanzu zan rubuta su da Hausa da kuma Turanci in gwada a kan saƙonnin iri ɗaya, in ga wanne ya fi bi.