Muhawara kan rufe lungun bayan masallaci

Malam Sani: Assalamu alaikum. Daren jiya an sake ƙwace wayar wata yarinya a lungun bayan masallaci, har aka yanke ta a hannu. Tun da 'yan daba suka gane lungun yana ɓullewa babban titi, nan suka mayar wurin shaye-shaye da hanyar tsira idan 'yan sanda suka biyo su. Shawarata a sa ƙofar ƙarfe a bakinsa, a riƙa kullewa bayan isha'i, domin baƙi ne suke jawo mana wannan masifa.

Hajiya Binta: Malam Sani, su wane ne baƙin? Daga Gumel muka zo Kano, 'ya'yana kuma duk a gidan hayar nan na haife su. Idan masu haya kake nufi, ka faɗa ƙarara.

Alhaji Garba: Hajiya, ki yi haƙuri, amma wanda bai gaji gida a unguwa ba ai baƙo ne, ko shekara nawa ya yi.

Hajiya Binta: To, Alhaji, yaran da 'yan sintiri suka kama da wuƙaƙe kafin azumi, 'ya'yan masu haya ne ko jikokin masu gado?

Barista Aminu: Iyayena, hanya ta jama'a ce, ba a toshe ta sai da izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA. Ko a Legas, inda ƙofofin layi suka yi yawa, gwamnati ta ba da umarnin a bar su a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare, saboda motar kashe gobara da masu kai mara lafiya asibiti. Wa zai riƙe makulli idan naƙuda ta tashi cikin dare?

Alhaji Garba: Barista, kai da ka koma Nasarawa GRA, inda kowane gida yake da maigadi, ba kai za ka karanta mana dokar Legas ba. Kuɗin sintirin gidanku ma har yau ba mu gani ba.

Shugaban kwamiti: Na karanta duka, kuma a fahimtata jama'a sun amince da ƙofar, in ban da mutum ɗaya da ba ya kwana a unguwar. Maganar baƙi rashin fahimta ce, Malam Sani bai nufi kowa ba. Alhaji Garba zai fara karɓar kuɗin mai walda ranar Juma'a, masu haya ma za su biya.