Sau 11 ya zo na ɗaya, aka ba wani kambu: wannan lissafi daidai ne?

Bakaniken Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gyaran babur nake yi a Yelwa, shekara goma sha biyu ke nan. Ran Lahadi in akwai wuta, nakan rufe rumfa da wuri, mu zauna da yarana wurin mai shayin bakin titi mu kalli tseren babura na duniya, MotoGP, a tashar Canal+. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun ƙarshen 2024, har yau ya ƙi wucewa.

A shekarar an yi manyan tsere 20. Bagnaia ya ci 11. Jorge Martin ya ci 3 kacal. Babur ɗinsu iri ɗaya ne, Ducati, balle a ce wani ya fi wani inji. Amma da aka tara maki, Martin 508, Bagnaia 498. Ranar ƙarshe a Basalona, Bagnaia ya sake riga kowa, Martin kuma ya lallaɓo na uku kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, sai ga shi shi ake ɗagawa sama. Ƙaramin yarona, wanda bai fi wata huɗu da fara riƙe sufana ba, ya juyo ya ce, "Maigida, ba wancan ne ya ci ba?" Kofin shayi na hannuna har ya huce ban samo amsar da zan ba shi ba.

Na ɗaya maki 25, na biyu 20, na uku 16. Tazarar biyar ce kawai. Wato in ka kayar da abokin karawarka sau biyar yana bin ka a baya, sannan ka faɗi sau ɗaya shi ya ci, kun yi kunnen doki. Ina adalci a nan? Ina neman ra'ayinku, musamman manyanmu da suka daɗe suna kallo.

Direban Ngaundere

Wa alaikumus salam Oga bakanike. Ni kaya nake ɗauka daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kuseri. Mai kaya bai taɓa tambayata motoci nawa na wuce a hanya ba. Abin da yake ƙirgawa buhunan da suka iso. Duk wanda ya san gangaren dutsen nan bayan an bar Ngaundere ya san direban da ya fi kowa wuta ba shi ke daɗewa a aikin ba.

Ka tuna ɗan gajeren tseren Asabar na Malesiya, wanda ake yi kafin babban na Lahadi kuma shi ma da makinsa, saura kaɗan a rufe shekara? Bagnaia ya zame ya faɗi, Martin ya kwashe maki 12. Tazarar ƙarshe kuwa 10 ce. Tsayawa a kan babur ma gwaninta ce, kuma kai ka fi ni sanin haka, tunda kai ake kawo wa waɗanda suka faɗi.

Malam mai ritaya, Domayo, Marwa

Ɗana, wannan gardama ta girme ka. Mu mun yi ta a kan tseren motoci na Formula 1 tun muna jin sakamako a rediyo, kuma abin da kake so an taɓa gwada irinsa.

A 1988 Senna da Prost suna gida ɗaya, McLaren. Tsere 16 aka yi, amma doka ta ce sakamako 11 mafi kyau kaɗai za a ƙirga wa kowa, sauran a zubar. In an tara duka, Prost yana da 105, Senna 94. Da aka zubar da ragowar, Senna 90, Prost 87. Senna ya ci tsere 8, Prost 7, kambu ya tafi wurin Senna. Ka ga wanda ya fi ci ya samu, kamar yadda kake fata. To mu magoya bayan Prost, ka san baƙin cikin da muka kwana da shi? Mutum ya yi gumi ya zo na biyu, a ce wannan makin ba ya cikin lissafi. Daga 1991 aka daina zubar da sakamako.

Sai 2008, aka juya. Massa ya ci 6, Hamilton 5, amma Hamilton ya wuce Glock a kwanar ƙarshe a Burazil, ya zo na biyar, ya ɗauki kambu da 98 a kan 97. Lokacin na ɗaya 10 yake samu, na biyu 8. Bayan nan Ecclestone, mai riƙe da harkar Formula 1 a lokacin, ya so a koma ƙirga nasara kawai, kamar lambar zinare, ba a yarda ba. A 2010 aka kawo 25 da 18 da ake bi yanzu. Ni a ganina bakwai ɗin nan ta yi daidai. Biyar ta masu babur ce ta yi kaɗan, a nan na ba ka gaskiya.

Yaya Mai Lissafi, Kuseri

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, kun fayyace. Ni aikina riƙe littafin shago ne, kullum ina ƙetara gadar Ngeli zuwa Njamena, kuma abin da ke ɓata mini rai daban ne. Kowane ma'auni aka ajiye tun farkon shekara, kowa ya gani ya yarda ya shiga. Martin ya karanta dokar ya yi aiki da ita. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne makin da ba a yi tsere a kansa ba.

Formula 1 a Beljiyam, 2021. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka zagaya kaɗan a bayan motar tsaro, ba wanda aka yarje wa ya wuce wani, aka ce an gama, a raba rabin maki. Verstappen ya tashi da 12.5. A shekarar da shi da Hamilton suka isa tseren ƙarshe a Abu Dabi kowa yana da 369.5! Ko 2014, da aka ninka makin tseren ƙarshe don kawai a riƙe 'yan kallo. Shekara ɗaya aka yi aka watsar. Haka makin zagaye mafi sauri: a Singafo 2024 Ricciardo yana can ƙarshen layi, aka sa masa sabbin tayoyi ya ƙwace shi daga hannun Norris, shi bai ci ba, bai bar wani ya ci ba. A 2025 aka soke shi, kuma da ma ya kamata.

Bakaniken Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai. Oga direba, na karɓi maganar Malesiya, wannan faɗuwar ba wanda zai ɗauke masa ita. Baba Malam, ban san labarin 1988 ba sai yau, kuma ba zan so a zubar wa kowa da guminsa ba.

Amma jiya da dare na ɗauki bayan kwalin filogi na yi lissafi. In da na ɗaya 30 yake samu ran Lahadi, komai ya zauna yadda yake, Bagnaia zai ƙaru da 55 ya zama 553, Martin ya ƙaru da 15 ya zama 523. Na san Martin da ya ga wannan doka da ya canza tuƙi, ba zai riƙa lallaɓawa ba. To ai abin da nake nema ke nan: na biyu ya ji dole sai ya kai hari. Kwalin yana nan manne a jikin rumfa. Yaya Mai Lissafi, in kin samu sarari ki duba mini ko na yi kuskure a tarawar.