Shin bayanan bogi sun wadatar wajen gwada manhaja?

Injiniya, Barnawa:
Assalamu alaikum. Maganar da nake tsaye a kanta ita ce, mai rubuta manhaja ba shi da sauran uzurin kwafo bayanan mutane na gaskiya zuwa kwamfutarsa da sunan gwaji. Da Faker, manhajar ƙirƙiro bayanan bogi, ko ta harshen rubuta manhaja na Python ko ta JavaScript, mutum zai ƙirƙiro sunaye da adireshi da ranakun haihuwa dubu goma kafin ya gama kurɓar shayinsa, kuma babu wanda aka tona wa asiri. Tun daga ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta fitar a 2019 zuwa Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, alhakin bayanan jama'a yana wuyan wanda ya riƙe su, don haka wanda ya ɗora rajistar marasa lafiya a kwamfutar da yake yawo da ita cikin Keke Napep ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Malama, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban ja da maganar doka ba, amma kalmar "wadatar" ce ban yarda da ita ba. Na taɓa yi wa wata makaranta manhajar rajistar ɗalibai, na gwada ta da bayanan bogi har na gamsu. Ranar da aka fara aiki, yarinya ta uku a layi sunanta Sa'adatu, sai manhajar ta tsaya cak, domin alamar da ke tsakiyar sunan ta katse umarnin da ake aika wa rumbun bayanai. Da aka buga katin sakamako kuwa, duk mai ƙ ko ɗ a sunansa sai alamar tambaya ta fito a gurbin harafin. Akwatin adireshi yana neman lambar gida da sunan titi, uwa kuma tana cewa a rubuta bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a. Mafi muni, na sa manhajar ta ɗauki suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a matsayin maimaici, alhali iyaye da yawa da ba su riƙe ranar ba 1 ga Janairu suke bayarwa, sai ta haɗe yara biyu masu suna Muhammad Abubakar suka zama mutum guda. Bayanan da na'ura ta ƙirƙiro sun cika tsabta, ba su san halin takardunmu ba.

Injiniya, Barnawa:
Malama, da girmamawa, duk abin da kika lissafa ana iya ƙirƙirarsa. Laifin yana wurin wanda ya karɓi jerin sunayen Turawa yadda ya zo masa bai ƙara komai ba. Ki rubuta naki jerin, ki sa Mu'azu da Ɗanladi da Ƙasimu, ki umarci na'urar ta ba wani kaso ranar 1 ga Janairu, ki bar wasu akwatunan fayau da gangan.

Ɗalibi, Rigasa:
Malamaina, ina neman ƙarin haske. Me zai hana a ɗauki bayanan gaskiyar, a goge sunaye da lambobin waya, sannan a yi gwaji da sauran? Ina ganin ta haka an samu dattin da Malama take nema ba tare da an fallasa kowa ba.

Alhaji, Kawo:
Ɗana, an bi wannan hanya tun kafin ka fara karatu, kuma ba ta ɓulle yadda ake zato ba. Wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa lambar yankin gidan waya da jinsi da ranar haihuwa kaɗai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin finafinai na Netflix ya saki bayanan masu kallonsa a 2006 bayan ya cire sunaye, masu bincike biyu suka gano wasunsu ta hanyar gwama su da ra'ayoyin da suka rubuta a IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai. To ina ga ƙaramin asibitin unguwa, inda shekaru da layi da irin ciwo sun isa maƙwabci ya ce ai wance ce?

Sai dai Injiniya, kai ma kada ka ɗauka bogi ba ya cutarwa. Idan na'ura ta jero lambobi 11 da suka fara da 0803, akwai yiwuwar lambar wayar tana hannun wani. A wani wurin da na yi aiki, an manta ba a cire hanyar aika saƙo daga manhajar gwaji ba, sai ga mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suna samun saƙon cewa ana bin su bashi, cikin dare. Masu tsara intanet sun keɓe adireshin example.com domin misali da gwaji tun 1999 saboda irin wannan, kamfanonin biyan kuɗi kuma suna ba da katunan gwaji, kamar na Stripe mai maimaita 4242 sau huɗu. Lambar asusun banki ta NUBAN ma, mai lambobi 10, ta ƙarshenta lissafa ta ake yi daga sauran da lambar banki, saboda haka wanda ya jefa lambobi barkatai galibi bai gwada komai ba illa saƙon kuskure.

Malama, Unguwar Rimi:
Na gode, Alhaji. Na yarda kada a kwafo bayanan gaskiya, amma Injiniya bai amsa ainihin damuwata ba. Na san in saka Sa'adatu a jerina yau ne saboda ta riga ta karya min manhaja jiya. Kuskuren da mutum bai taɓa gani ba, ta yaya zai ƙirƙiro shi? Abin da nake yi yanzu shi ne, in zauna a ofishin masu bayanan tare da ma'aikacinsu, in duba rajistar a inda take, in rubuta siffofinta kawai, kamar tsawon suna mafi tsawo da yawan akwatunan da ba a cike ba, sannan in koma in gina bogi a kan wannan siffa.

Injiniya, Barnawa:
Idan haka ne, har yanzu da bogi kike gwajin, kuma ina ba ki shawarar ki daidaita lambar da na'urar take fara zaɓe da ita, domin bayanan da suka tono kuskure yau su sake fitowa gobe yadda suke. Amma dubawar da kike yi a ofishinsu ita ma taɓa bayanan mutane ce a idon doka. Akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninki da makarantar kafin a buɗe miki rajistar?

Malama, Unguwar Rimi:
Babu, izinin shugabar makaranta ne da baki. Alhaji, idan kana da samfurin irin wannan takarda, ina roƙon ka turo min kafin Litinin.