Wai yanzu ba lokacin zancen ƙungiya ba ne a Borno?

Birkilan Taura: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa bayan isha'i Alhaji ya ce duk mai zancen ƙungiyar ƙwadago a Borno yanzu fitina yake nema, wai garin da ya sha wuta tun 2009 aiki kawai yake buƙata, ko nawa aka ba ka karɓi ka gode Allah. Wlh maganar nan da ita na kwana, shekara uku ke nan ina zuwa Maiduguri ci-rani aikin gini shi ya sa na kawo ta nan

Alhaji Mai Shago: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa kuma ina nan kan bakana. Kuɗi tsoro gare su, ɗan kwangila ya ji ana yajin aiki sai ya naɗe kayansa ya dawo Kano, a bar mutane da kango. Da babu gara ba daɗi. A bari gari ya miƙe tukun

Birkilan Taura: To Alhaji ji wannan. Bayan ambaliyar dam ɗin Alau da ta ci Maiduguri a 2024 aiki ya yi yawa, na tafi da ɗan yayata yana mana lebura, katakon da muke takawa ya karye ya faɗo daga hawa na biyu da kwanon siminti a ka, ƙashin cinya ya karye, mai aikin ya ba shi dubu goma ya ce a sa shi a mota a kai shi gida wajen mai ɗori, ko asibiti bai ambata ba. Washegari da safe an kawo wani yaro ɗan gudun hijira ya karɓi wajensa a kusan rabin kuɗin. Ban ga laifin yaron ba, yunwa ce, gonarsu tana daji ba ta shiguwa. Amma daga ranar kuɗin kowa ya sauka kuma har na baro bai ƙara hawa ba. Farashin da aka yanka wa guminka lokacin da ba ka da baki shi ne zai zauna, in gari ya miƙe ba wanda zai zo ya ce ga ƙari

Malam na Firamare: Allah ya ba shi lafiya. Alhaji ka tuna lokacin da ake bin malamai ana kashewa, ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT ce ta fito a 2015 ta ce an kashe mata malamai sama da 600, wasu 19,000 sun bar wuraren aikinsu. Ƙungiya ce ta ƙirga su ta faɗa wa duniya. Kuma Ayuba Wabba da ya riƙe ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC daga 2015 zuwa 2023 ɗan Borno ne, a zamaninsa aka kai mafi ƙarancin albashi dubu 30 a 2019

Direban Haɗeja: Malam wannan duk na ku ne masu albashi. Dubu 70 ɗin da Tinubu ya sa wa hannu a 2024 ina ta shafi lebura?? Dokar ma ta cire wajen da ma'aikata ba su kai 25 ba. Mu ta tasharmu tikiti kawai ta sani, ranar da motata ta kife ban ga kowa ba. Ni ban goyi bayan Alhaji ba amma ƙungiyar ma sai a hankali

Anti Nas: Yaya direba gaskiyarka ta nan ɓangaren. Amma akwai wata doka daban ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, tun 2010, hukumar NSITF ke riƙe da ita, mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na abin da yake biyan ma'aikata, kuma har ɗan aikin wucin gadi ta haɗa ko da da baki aka yi yarjejeniya. Matsalar lebura shi kaɗai ba zai iya tsayawa gaban mai kwangila ba, gobe an kore shi. Ashirin kuwa ba sa koruwa rana ɗaya ana tsakiyar zuba kankaren bene

Ɗalibi: Baffa Alhaji a gafarce ni. Laberiya yaƙi ya ƙare 2003, masu tatsar roba na Firestone suka zaɓi shugabannin ƙungiyarsu 2007, aka sa hannu kan yarjejeniya 2008, kamfanin kuma har yau yana can bai gudu ba

Alhaji Mai Shago: Yaro wancan kamfani ne mai itatuwa a ƙasa ba zai iya tumɓuke su ba, ɗan kwangila kuwa jaka ce da waya. Maganar jinya na yarda, zalunci ne kuma Allah zai tambaye shi. Yajin aiki ne dai har yanzu ban gamsu ba

Birkilan Taura: Alhaji shi ma ginin da ya kai linta ba ya ɗaukuwa. Kuma ni ban ce yaji ba tukun. Bana in an gama girbi mu goma sha ɗaya ne masu tafiya daga nan, mu rubuta suna, mu yanke kuɗin yini da wanda zai ɗauki jinya tun kafin a ɗora bulo, mu ja yaran can ƴan gari a jiki su shigo don kar a sake haɗa mu da su, kowa ya dinga ajiye wani abu duk Juma'a. Anti hoton ƙafar da takardun asibitin suna hannun yayata, zan kawo miki gobe bayan la'asar ki duba mana ko lokaci bai ƙure ba