Batirin kyamarorina baya kai awa 10, a taimaka da shawara

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin furojet na ƙarshe ne, na haɗa ESP32-CAM (ƙaramin allon lantarki mai kyamara da Wi-Fi) guda 6 na zagaye wani fili da su, manufar ita ce in mutum ko dabba ya shigo su riƙa miƙa shi daga wannan kyamara zuwa waccan har ya fita, babu waya ko ɗaya tsakaninsu. Kowacce batir 18650 (batirin lithium mai caji, irin na cikin laftof) ɗaya ne mai 2600mAh. Matsalar dai na kunna su bayan sallar asuba kafin la'asar duk sun mutu murus. Malamina yace dole su yi sati ba'a taɓa su ba, kuma ni kuɗin ƙaro batir babu shi wallahi. Ya zan yi?

Abu Sola: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka tabbata batirin ba jabu bane? Kasuwa cike take da masu rubutun 9900mAh alhali 18650 na gaskiya baya wuce wajen 3500.

Ɗan Tudun Wada: Na gwada su Yaya, daga tsohon batirin laftof na ciro, suna riƙe caji sosai.

Injiniya Ladi: To ai batirinka bai yi laifi ba ƙanina, lissafi ne kawai. Allon nan yana jan wajen 180mA a kan 5V in yana aiki ko ba ka kunna fitilarsa ba, batirinka kuma 3.7V ne sai an ɗaga shi, a wajen ɗagawar ma ana asara, kaga awa 9 zuwa 10 daidai kenan. Tambayar da zan maka, me yasa duka shidan suke buɗe ido alhali filin babu kowa? Ko masu gadi basa kwana a tsaye su duka. Sa su barci mai nauyi, wato yanayin da allon ke kashe kusan komai don tsimin wuta, ka jona wa kowacce na'urar jin motsi ta PIR ta tashe ta. Sannan don Allah ka daina tura bidiyo ta Wi-Fi, nan ne wutar take zurarewa. Ita kyamarar ta rage girman hoton, ta kwatanta shi da na baya ta gano inda abin yake, sai ta tura lambobi kawai, wuri da lokaci da inda ya dosa. ESP-NOW, hanyar da allunan ke tura wa juna saƙo kai tsaye ta rediyo, yana ɗaukar bayit 250 a saƙo guda, ya ishe ka har da rara, kuma ba sai ka jira haɗuwa da rawuta ba.

Malam Injin: Hajiya ta faɗi gaskiya amma akwai tarko biyu. Na farko kar ka ruɗu da microamp 10 ɗin da ake cewa ESP32 na ci a barci, wannan cif ɗin ne shi kaɗai, allon kyamarar dungurungum yana cin wajen 6mA ko a barcin. Duk da haka a takarda zaka haura kwana 10, satin malaminka ya samu in filin ba mai zirga-zirga bane. Na biyu shi ne wanda ya fi ba mutane wahala, kyamara bata farkawa nan take, kafin ta shirya mai gudu ya wuce, sai kaga hoton fili fayau. Maganin da masu bincike ke bi shi ne wadda ke ganin abin yanzu ta yi hasashen inda zai kai, ta tashi maƙwabciyar da ke gabansa ita kaɗai, sauran huɗun su ci gaba da barcinsu. Matatar Kalman, wata dabarar lissafi ta yin irin wannan hasashen, ake yawan amfani da ita, tun 1960 take, kuma lissafinta ba nauyi.

Ɗan Tudun Wada: Malam to ya za'a yi ta tashe ta? Ai in tana barci mai nauyi rediyonta a kashe yake.

Malam Injin: Madalla, ka gano inda gizo ke saƙar. Sai dai ta riƙa farkawa da agogo ta saurara na ɗan ƙiftawa ba tare da kunna kyamara ba, ta koma. In ka tsawaita tazarar ka ajiye batir amma abin zai kuɓuce maka, in ka gajarta ka kama shi batir ya tafi. Wannan ja-in-ja ɗin shi ne furojet ɗinka ma, ka gwada tazara daban-daban ka zana jadawali, malaminka zai fi son wannan akan komai.

Abu Sola: Kuma ka gwada PIR ɗin da tsakar rana, a zafin Afrilu in iska ta kusa ɗumin jikin mutum yakan makance, ga akuya da leda mai tashi ma su ishe ka da farkawar banza. In ka sa ƙaramin faifan sola, ka riƙa goge masa ƙura lokacin hunturu.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Yau da daddare zan fara da barcin da PIR, in auna abin da allon ke ci da mita in turo muku.