Mazan da ba su iso Tawila ba: fursunonin yaƙi ne ko ɓatar da su aka yi?

Ɗan Tasha: Jama'a, ni fa ban gamsu da batun nan na cewa RSF, dakarun da ke yaƙi da sojojin Sudan, ta ɓatar da mutane a hanyar fita daga Al-Fashir da ke yankin Darfur ba. Wata 18 aka yi garin yana kewaye, da sojoji da mayaƙan da ke mara musu baya a ciki. Da ya faɗa hannun RSF ranar 26 ga Oktoban 2025, ai wasu tuɓe kaki suka yi suka saje da jama'a. Duk wanda ya ci gari da yaƙi sai ya tace maza. Fursunonin yaƙi ne kawai.

Malamin Kasala: Ƙanena, fursuna yana da suna a takarda, an san inda yake, danginsa na samun labari. Waɗannan kuwa, a bakin ganuwar ƙasar da RSF ta kewaye garin da ita da kuma kan hanya ake tare su, a ware maza gefe, a ce wa mata su wuce. Mutum kusan 260,000 aka ƙiyasta suna cikin garin kafin ya faɗi. Tawila, garin da masu gudu suka nufa, tafiyar kilomita 60 ce, amma a kwanakin farko 'yan dubbai suka iso, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke can suka riƙa tambayar ina sauran.

Ɗan Tasha: Malam, ba kowa ya nufi Tawila ba. Wasu ƙauyuka suka bazu, ga babu sabis.

Malamin Kasala: Wannan gaskiyarka ce, wasu sun bazu. To waɗanda aka kira danginsu ta bidiyo, bindiga a kansu, aka ce a turo kuɗi fa? Sabis ɗin da babu shi na gaisuwa, ya aka yi ya samu na neman fansa?

Uwar Biyu: Ɗan Tasha, yaro, ka taɓa zama gida ɗaya da matar da mijinta ya ɓata? Ni na zauna. Shekara uku wayarta ba ta taɓa mutuwa ba, ko wuta babu sai ta aika yaro wajen mai caji. Baƙuwar lamba ta shigo, hannunta na rawa. Ba ta yi takaba ba, ba a raba gado ba, ba a yi zaman makoki ba. Yaran su tambaye ta, ta ce ya yi tafiya. Malamai suka ce mata a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata shekara 4 take jira bayan ta kai maganar gaban alƙali, sannan ta yi idda. To matar da ke kwana a ƙarƙashin leda a Tawila, gaban wane alƙali za ta kai?

Ɗalibin Shari'a: Allah Ya saka, Hajiya. Amma Ɗan Tasha yana da ɗan abin kamawa ta fuskar doka. Yarjejeniyar 2006 kan ɓatar da mutane, wadda Sudan ta shiga a 2021, da jami'an gwamnati da masu aiki da yawunta take magana. Sai dai dokar kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta haɗa da ƙungiyoyi masu manufar siyasa, kuma tun 2005 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa mata batun Darfur. A Oktoban 2025 ɗin ne ma ta samu Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan sa-kai na Janjawid, da laifi kan ta'asar da suka yi a Darfur daga 2003 zuwa 2004.

Uwar Biyu: Shekara ashirin ke nan fa, ɗana.

Ɗan Tasha: To su sojojin gwamnati ba sa kama mutane a garuruwan da suka ƙwato, su ce sun haɗa baki da RSF? Me ya sa ba ku maganarsu?

Malamin Kasala: Suna kamawa, kuma wanda suka ɓoye shi ma ɓatacce ne, ban wanke su ba. Amma kai ne ka ce waɗannan fursunoni ne. Hemedti, shugaban RSF, da bakinsa ya amsa cewa an yi ɓarna a Al-Fashir, ya ce za a bincika, har suka nuna sun kama Abu Lulu, mayaƙinsu da aka gani a bidiyo yana harbe mutanen da ba su da makami. Wanda ya iya nuna hoton mutum ɗaya a kurkuku, me ya hana shi fitar da sunayen waɗanda yake tsare da su?

Ɗan Tasha: Wannan kam ba ni da amsarta, Malam. Amma har yanzu ina nan a kan cewa akwai mayaƙa a cikinsu.

Uwar Biyu: Ko mayaƙin ne, ai uwa ce ta haife shi. A faɗa mata inda yake.