Corolla ta wuce kilomita 340,000, tana shan baƙin mai: a sauke inji ko a bar ta?

Mai Corolla ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan mota.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2004, inji 1.8, giya otomatik. Hannu na biyu na saye ta, yanzu mita tana nuna kilomita 340,000 da 'yan kai. Ban da taya da batir da birki da canjin mai, ba ta taɓa tura ni neman rance ba. Har gobe murɗa maƙulli ɗaya take tashi, tana hawa tudu da mutum biyar a ciki, ba wata baƙuwar ƙara a inji.

Damuwata baƙin mai. A da daga sabis zuwa sabis ba na ƙara ko ɗigo. Yanzu in na cika, kafin in yi kilomita 1,200 sandar awo ta sauko kusa da layin ƙasa. Da safe in na ta da ita sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito ta salansa, ya ɗan jima ya ɗauke. Inda take kwana kuma akwai tabon mai a ƙasa, amma bai fi tafin hannu ba.

Bakanike na farko ko bonet bai buɗe ba ya ce ringin fistan ne, a sauke inji. Na biyu ya ce ɓata kuɗi ne, in nemi wani injin a ɗora. Abokin aikina kuma ya ce duk su bar wannan magana, in zuba mai kauri 20W-50 in huta. Sai batun man giya: tun da na saye ta ba a canja shi ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce kar in kuskura in taɓa, giyar za ta mutu.

Sayarwa ba ta cikin lissafina, kar ma a kawo ta. Na san halin wannan motar, ban san halin wadda zan saya ba. Wanne zan bi?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, a cikin mutum ukun nan ba wanda ya auna komai, saboda haka kar ka bi ko ɗaya tukuna.

Baƙin mai hanya biyu yake bi ya bar inji: ko ya ɗiga waje, ko ya ƙone a ciki. Taka tana yin duka biyun, abin da ya rage shi ne a san nawa ke bin kowace hanya. Tabon da ka gani a ƙasa kar ka raina shi. Wannan na lokacin da take tsaye ne, inji a kashe. In tana gudu, mai ya yi zafi ya tsinke, famfo na tura shi da ƙarfi, abin da ke zuba a titi ya fi haka, kuma ba ka ganinsa. Ka sa a wanke injin tas, ka yi yawonka na kwana biyu, sannan a ɗaga motar a haska fitila. A wannan injin, 1ZZ-FE, wurare biyu ne suka fi yoyo: gasket ɗin murfin sama, da 'yar robar zobe da ke jikin abin da ke ɗame sarƙar tayimin, can ta bayan inji. Duka biyun ana canja su inji na zaune a inda yake.

Na biyu, akwai wani ɗan bawul a jikin murfin sama, PCV ake ce masa. Aikinsa ya fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iskar sai ta matsa wa kowane sil da kowane gasket, mai ya nemi hanyar fita. In kuma ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa zuƙar tururin mai yana ƙonawa. Ka cire shi ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kas-kas. A motar da ta yi irin wannan tafiya ni ba na ma girgizawa, sabo nake sawa.

Sai hayaƙi. Launinsa da lokacin fitowarsa su ne labarin. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Shuɗi, baƙin mai ne. Wanda ke fitowa da safe kawai ya ɗauke, yawanci sil ɗin bawul ne: roba ce, shekara 20 tana shan zafi, ta bushe ta yi tauri, cikin dare mai yana zurarowa ta jikin bawul ya taru a kan fistan, da ka ta da mota ya ƙone. Wanda ke fitowa in ka taka totur a kan hanya, shi ne na ringi. Kai ba za ka ga wannan ta madubi ba. Ka sa wani ya bi ka a baya ya duba maka, musamman in ka gangaro tudu ka sake taka wuta.

Kar in ɓoye maka, bakaniken farko yana iya yin daidai ko da bai duba ba. An san wannan injin na farkon shekarun 2000 da wannan ciwo. Ramukan da ke jikin fistan, waɗanda mai ke bi ya koma ƙasa bayan ringi ya share shi, ƙanana ne. In ana jinkirta canjin mai sai su toshe da gawayi, ringin mai ya maƙale a gurbinsa, ya daina shara. Daga baya kamfanin ya sauya fasalin fistan ɗin. Amma sanin ciwon ƙira ba ya nufin an san ciwon motarka.

A yi gwajin kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin iska a cikin silinda, huɗun duka, inji da zafinsa. Ka tsaya a wurin, ka rubuta lambobin da hannunka. Abin da ake so su zo kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a ɗiga mata ɗan mai ta ramin filogi a sake gwadawa. In lambar ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Sai dai ka sani, gwajin nan ringin sama yake aunawa. Ringin mai yana iya maƙalewa lambobin kuma su fito lafiya lau. Shi ya sa nake son a haɗa da duba bakin filogi huɗun da shaidar wanda ya bi ka a baya.

Direban Dogon Zango ya amsa:

Baba ya gama magana, amma ni ina bayan abokin aikinka. Na tuƙa motocin da suka ninka taka tafiya, kuma mai kauri ne ya riƙe su. Inji in ya tsufa ya saki, mai ruwa-ruwa ba ya zama a cikinsa.

Abin da na zo faɗa ma daban ne. A duk injunan da na ga sun buga, ban ga wanda yawan kilomita ya kashe ba. Ko mai ya ƙare direba bai sani ba, ko ruwa ya tafasa ya ci gaba da tafiya wai ya kusa isa. Wannan fitilar mai da ke kan dashbod, in ta kama, ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi ƙarfin turo mai ya faɗi, kuma a lokacin boris ya riga ya fara cin ƙarfe. Tun da taka tana sha, ka mayar da jan sanda ɗabi'a duk lokacin da ka sha fetur, galan ɗin mai kuma ya zauna a but.

Ka duba lagireto. Samansa roba ne, yana tsagewa in ya tsufa. Ka matsa tiyon sama da na ƙasa inji a sanyaye, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a cire shi. Murfin lagireto ma yana mutuwa, mutane ba sa kula da shi. Kan wannan injin alminiyam ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi.

Uwar Biyu ta amsa:

Ku maza da an ce mota sai inji. Malam Mai Corolla, ka lissafa taya da batir da birki da mai, ban ji ka ambaci ƙafar mota ba. Ni ma tsohuwa nake ja, kuma ni ke kai yara makaranta a cikinta. Inji in ya lalace gefen titi za ka tsaya. Bol-joyin, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, in ya fita kana gudu, taya ce za ta kwanta.

Ranar da za a ɗaga ta neman yoyo, ka ce a jijjiga kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama. A duba bol-joyin, da sandunan sitiyari, da bushin, da tiyon birki ko ya fara tsattsagewa. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara 2 zuwa 3, kuma na tabbata naka bai ga wannan gatan ba. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A leƙa ƙarƙashin bodi ma saboda tsatsa. In inda ƙafa ke ɗaure ya ruɓe, maganar ringi ta zama zancen banza.

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma nata aikin ne farko in kuɗi bai isa duka ba.

Direba, a nan ne za mu raba hanya. Motocin da ka tuƙa ina zaton tsofaffin ƙira ne, su kam 20W-50 abincinsu ne. Wannan tana da VVT-i, wato ƙarfin mai ne ke juya tayimin ɗin bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi da 'yar matata mai kama da rariya. 5W-30 aka rubuta mata. Mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, kuma ba ya buɗe ramin da ya toshe, sai dai ya rage hayaƙi mai mota ya ɗauka an warke. In za a ƙara kauri, taki ɗaya ya isa, 10W-40. Kuma a rage tazarar canji zuwa kilomita 5,000 tare da filta. Ƙarin da kake yi a hanya ba ya zama canji, dattin yana nan a ciki.

Wani abu da direba bai faɗa ba: in an ce a cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, don kar ta yi zafi, ka ƙi. Inji zai riƙa aiki a sanyaye, kwamfuta ta riƙa ba shi fetur da yawa, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda. Zallan ruwa ma kar a zuba, tsatsa yake kawowa, a sa ruwan lagireto na gaskiya.

Man giya kuwa, maganar da ake yi tana da tushe, an dai faɗaɗa ta ne. Yawanci mutum ba ya tuna man giya sai giyar ta fara zamewa, ya canja, ta ƙarasa mutuwa, a ɗora wa sabon mai laifi. Ka ja sandar giya ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa, ba ƙauri, giya na shiga lafiya: a kwance noti a tsiyaye abin da ya fito, a auna shi, a mayar da daidai wannan na man giyar Toyota T-IV, shi ne nata. Ba duka zai fita ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ne, sai a maimaita bayan wasu dubban kilomita. Kar a sa mata injin da ke wanke giya da ƙarfi. In kuwa baƙi ne wuluk, yana ƙauri, da ɓurɓushi a ciki, to ciwon ya riga ya shiga, ka dawo mu yi wata maganar.

Mai Corolla ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da aka samu.

Yoyon daga robar nan ta bayan inji yake, kamar yadda Baba ya ce, har ya jiƙa gefen inji gaba ɗaya. Gasket ɗin murfi ma ya yi tauri, da aka cire shi karyewa ya yi. PCV ko motsi ba ya yi. Duk an canja. Kwamfireshan huɗun sun zo kusa da juna. Filogi biyu na tsakiya sun fi sauran baƙi da maiƙo. Ƙanena ya bi ni a baya, ya ce a tafiya ta daidai bai ga komai ba, amma in na taka sosai bayan gangara yana ganin ɗan shuɗi. Man giya ruwan ƙasa ne, ba ƙauri, an tsiyaye an zuba sabo, tana shiga yadda ta saba.

Hajiya, bol-joyin na hagu yana wasa, bakaniken ma da ya gani sai da ya yi salati. An canja duka biyun, da man birki.

Hayaƙin safe dai yana nan. Shan man ya ragu, amma ban yi tafiyar da zan iya faɗin lamba ba tukuna. Yanzu sil ɗin bawul zan yi, ko in haɗa da ringi gaba ɗaya a huta?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Kar ka yi ko ɗaya yanzu. Ka cika mai zuwa layin sama a wuri mai daidai, ka rubuta lambar mita, ka riƙa dubawa a wuri ɗaya da safe kafin ka ta da ita, har ka yi kilomita 3,000. Shuɗin da ƙanenka ya gani bayan gangara yana iya zama sil ɗin bawul, yana iya zama ringin mai ne ya fara maƙalewa, amma in lita ɗaya tana kai ka 2,500 ko fiye, ƙarin mai ya fi sauke inji sauƙi nesa ba kusa ba. Sil ɗin bawul ana iya canja shi ba tare da an cire kan inji ba, in ka sami wanda ya iya riƙe bawul da iska.

Abin da zai sa in ce a buɗe: filogi ya riƙa mutuwa da maiƙo har mota na rawa, ko lita ɗaya ta kasa kai ka kilomita 1,000 duk da gyaran nan, ko ƙarfinta ya faɗi. Ko a lokacin, gyara naka ya fi ɗora injin da ba ka san tarihinsa ba, don yana iya zama ƙira ɗaya mai ciwo ɗaya. Kuma a tabbata an buɗe ramukan fistan ɗin ko an sa fistan mai sabon fasali, in ba haka ba sabon ringin ma zai maƙale. Ka turo lambobin in ka cika 3,000 ɗin.